Ƙafa Takwas da Kifin Hajiya Kulu

Ku da kuke zaune a layin masu gyaran waya na kasuwar Yelwa, na san abin da kuke faɗa idan na wuce da jakata. Tsufa na yi, ban kurmance ba. Kuna cewa ga Baba Garba mai kwalba nan, wanda sana'arsa ta riga shi mutuwa. Ɗayanku ya taɓa ɗaukar kwalbar tsohuwar rediyo daga teburina, ya juya ta, ya ce wannan ai ko makaho ya iya sa ta, ƙafa ce da rami kawai. Na karɓi abata na mayar cikin gwangwani ban tanka ba. Yau zan tanka, domin abin da ya faru da kifin Hajiya Kulu a daminar bara ya ba ni bakin magana.

Da hantsi ne ranar, ina zaune ina liƙa wayar wata fanka, sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar rumfata. Hajiya Kulu ce, shugabar matan da ke sayar da kifi a bakin ruwa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Malam Garba, tashi mu tahi. Ɗakin sanyi ya mutu tun da sahe, kuma kihin mutane na ciki, na kwana ukku."

Na ce, "Hajiya, ni mai rediyo na. Mi yah haɗa ni da ɗakin sanyi? Ina Injiniya Bashar da yah haɗa muku shi?"

"Yana can, zuhwa kamar an jiƙa shi. Ya ce abin da yal lalace sai an aiko daga Kano, kwana biyu. Motar kihi kuma jibi ta. Ni nic ce ma mata su bar banda su kawo kihinsu nan, shekara guda ina lallashi, mazansu na yi muna dariya. In kihin nan yar ruɓe, da wane ido zan dube su? Taho ka duba, ko da ido na."

Na ɗauki jakata da mitata, na shafa aljihun gaba na ji kwalbata tana nan, na hau bayan wani kabu-kabun muka bi ta. Kafin mu isa bakin ruwa sai kun san kwalbar nan ta aljihuna, in ba haka ba abin da na yi a can ba zai shige ku ba.

Mahaifina manomin albasa ne. Ina ɗan shekara sha biyar, bayan an tare ruwa da madatsa mutanen tsibirai sun hauro tudu da 'yan shekaru, ya kai ni wurin Saje Mamman a bayan tasha. Saje tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aikinsa, gajere, mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai, ga tsabta kamar malamin asibiti. Kayan aikinsa ba su da yawa. Ƙarfen liƙi guda biyu da ake sakawa cikin gawayi, ɗaya yana aiki ɗaya yana zafi. Dalma, filaya, sukundireba uku, gashin kaza na kaɗe ƙura, da guntun madubi na leƙa ƙarƙashin rediyo. Sai mita mai allura a cikin akwatin katako, wadda na yi watanni ina share wa ƙura kafin a yarda in taɓa igiyoyinta. Akwai ɗan janareta da ake tayarwa lokacin gwaji kawai.

Rediyon wancan zamani akwati ne, sai mutum ya rungume shi da hannu biyu. A ciki kwalabe ne a tsaye, mu a sana'a bawul muke ce musu, mutanen gari kuma kwalba. In aka kunna sai wata 'yar waya ta yi ja a cikin kowace kwalba, a jira ta ɗau zafi, sannan murya ta taso a hankali. Ku da kuke tsaki in waya ta yi daƙiƙa biyar ba ta buɗe ba, da kun fasa akwatin kafin a gama sallama.

A satina na farko Saje ya jera kwalabe huɗu a tebur, duk ya kifa su gindi sama. Ya ce in manta da gilashin tukuna, gindi shi ne karatun farko. Ta farko tsohuwa ce ƙwarai, ƙafa huɗu, biyu masu kauri biyu sirara, don a gane inda za ta fuskanta. Amma in ramukan suka sha aiki suka buɗe, mai taurin kai yana iya cusa ta a karkace. Ta biyu ta Ingila ce, ita kuma ƙafa ɗaya aka janye nesa da 'yan'uwanta. Ta huɗu ƙarama ce kamar babban yatsa, ta baya-bayan nan a lokacin, ba ta da gindi ma, ƙafafun daga jikin gilashi suka fito, aka bar giɓi a wuri ɗaya. Ta uku kuwa ya riƙe ta a hannu ya daɗe.

Gindinta baƙar roba ce mai tauri, ƙafa takwas a da'ira, duk kaurinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. A tsakiya akwai ɗan turke, a gefen turken kuma ɗan tudu siriri daga sama har ƙasa, shi muke kira hanci. Ramin tsakiya na mazaunin kwalbar yana da tsaga daidai hancin nan. Ka ɗora turken a bakin rami, ka juya a hankali ba tare da dannawa ba, da hanci ya tarar da tsagarsa sai ka ji ta faɗa da kanta, sannan ka danna. Cikin turken kuma rami ne, a nan aka ɓoye ɗan tsinin gilashi inda aka zuƙe iskar kwalbar aka toshe. Saje ya ce Amurkawa ne suka fito da wannan tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma a soja ya ga amfaninsa, domin mutum yana iya zura hannu bayan na'ura ya canja kwalba ba tare da ya ga wurin ba.

Ya ce, "Wanda yay yi wanga ya san halin mutane. Ya san muna da garaje, shi ya sa yas sa mata turke."

To kun ga, wanda ya ce ko makaho ya iya sa ta bai yi ƙarya ba. Da gangan aka yi ta haka. Abin da bai tambaya ba shi ne yadda ake yi ranar da turken ya karye.

Ya koya mini ƙirga. Ka kifa kwalba, hanci ya dubi ƙirjinka, ƙafar da ke hagun hanci ita ce ɗaya, ka bi yadda hannun agogo ke tafiya har takwas. Ko da kwalba ta zo da ƙafa shida ko bakwai, gurbin da babu ƙafa ma a ƙirga shi. Yawancinsu 'yar wayar nan mai yin ja tana tsakanin ƙafa ta biyu da ta bakwai. Ya ja kunnena a kan kalmar yawanci, ya ce akwai waɗanda suka saɓa, kuma sai da na haddace su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ya sa kwalba a aljihuna ya zo ne a watana na biyar a wurinsa. Saje ya yi sammako zuwa Kontagora sayen kaya, ya ce in karɓi aiki in ajiye, kada in kunna komai. Da azahar sai ga wani masunci, Alu sunansa, daga wani ƙauye a gefen Ngaski, ya ɗauko amfilifayar garinsu a ka tun daga bakin ruwa. Irin wadda ake haɗawa da batirin mota ce, da ita suke kiran salla, kuma washegari suna da maulidi, baƙi za su hauro daga ƙauyuka. Don kada ruwa ya taɓa kwalaben a jirgi, sai ya ciccire su ya naɗe a tsumma, da ya sauka ma ya shanya su a rana kan taru. Mutum ne mai kula da kayan jama'a, wannan ba a ƙwace masa ba.

Na buɗe don in leƙa kawai. Nan take na ga ciwon: wata waya ce tsatsa ta cinye a gindin liƙi. Na kankare, na liƙa, liƙin ya yi kyau har na tsaya ina kallonsa. Alu ya ce ashe yaron Saje ma Saje ne, kaina ya kumbura. Na warware tsumma na fara mayar da kwalabe. Uku suka faɗa da kansu yadda aka koya mini. Ta huɗu na juya ta na ga babu turke, ya karye tun daga tushe. Na dubi rubutun da ke jikin gilashinta, na dubi na maƙwabciyarta, na sa su fuskanci wuri ɗaya, na danna. Ta shiga lafiya lau, domin marar turke ta kowace fuska shiga take yi. Na haɗa batir.

Wani farin haske ya walƙa a cikinta, babbar kwalbar da ke ba sauran wuta ta yi tartsatsi ita ma, sai ƙauri. Na fizge waya, amma an riga an gama.

Alu ya ce, "Yaro, mi kay yi?"

Ya zauna a kan benci ya rafka tagumi, ni kuma na tsaya a tsaye har la'asar, ina jiran dukan da na tabbata na ci.

Saje ya dawo, ya ji bayani, ya shinshina amfilifayar. Ya sauko da rediyonsa na kansa, wanda yake jin labaran duniya da shi kowace safiya kunne manne da lasifika, ya cire kwalba biyu ya sa wa amfilifayar, ya gwada, ya raka Alu har bakin titi don ya haye ruwa da sauran rana. Wata uku rediyon nan yana kan kanta shiru kafin a samo madadinsu. Kowace safiya Saje zai zo ya zauna a gabansa da shayinsa kamar yadda ya saba. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

A ranar dai, bayan Alu ya tafi, ya jefa marar turken a kwandon shara. Babbar kuwa, wadda turkenta da hancinta suke lafiya, ya miƙo mini.

"Waccan da ciwonta taz zo. Wagga ba ta yi laihin komi ba, kai kak kashe ta. Sa ta aljihu. Duk randa za ka kunna wuta ga kayan mutane, ka taɓa ta tukuna."

Sannan ya buɗe akwatin katako, ya ɗora hannuna a kan igiyoyin mita karo na farko. Ya ce rubutun jikin kwalba inda injin bugawa ya ga dama yake sauka, ba shaida ba ne. In turke ya karye, ka bi ƙafafu bibbiyu da mita har allura ta motsa, ka samo biyu da bakwai ke nan. Ka duba tsakaninsu: ta gefe ɗaya ƙafa huɗu, ta ɗaya gefen ƙafa biyu. A tsakiyar biyun nan hanci yake kafin ya karye. Ka ɗiga farin fenti a wurin, sannan ka sa.

Na yi shekaru kafin in gane abin da ya sa karyayyen turke ya fi yawa a kayan mutanen ruwa. Manomi in zai cire kwalba ja yake yi, kamar yana tuge albasa. Malamin makaranta tsoro yake ji, ba ya ma taɓawa. Masunci kuwa tun yana yaro hannunsa ya saba da cire ƙugiya daga bakin kifi, kuma ƙugiya ba a ja ta, murɗawa ake yi. Duk abin da ya maƙale, wuyan hannunsa ne ke juyawa kafin kansa ya yi shawara. Ƙafafun kwalba suna fara sakin ramukansu, ya murɗa, hanci yana cikin tsaga, turke ya ɓalle. Har na koma ina rubuta wa masu kawo kaya daga Shanga da ƙauyukan gaɓa gargaɗi da ajami a bayan akwati, cewa a ja, kada a murɗa. Sukan karanta su yi dariya su ce sun ji, bayan wata biyu su dawo da turke a cikin hula.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda Saje ya rasu. Ƙananan rediyoyi masu cin batirin tocila sun daɗe suna shigowa, amma a shekarar nan suka cika kasuwa har mai tallan goro yana rataye da nasa. Masunci zai sa a aljihu ya shiga jirgi da shi, wa zai ƙara rungumar akwati? Damina guda cur ba a kawo mini kwalba ko ɗaya ba. Na shiga wani gida a bakin ruwa na tarar da akwatin rediyon da na gyara da hannuna sau uku, an yashe cikinsa, kaza tana kwanci a ciki. Na koma gonar albasa da safe, da rana ina gyaran tocila da fitilar kwai. Daga baya na haɗiye girman kai na je na zauna wurin wani da na girme shi da shekara goma, ya koya mini sababbin rediyoyin daga farko. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe abin da Saje ya bari. Gwangwanin madara guda na hana, cike da kwalabe, maiɗakina ta yi mita ta gaji ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta aljihu kuwa ko ranar ɗaurin auren 'ya'yana tana cikin babbar riga.

Ni kaina na ɗauka an binne ƙafa takwas tare da Saje. Sai wata rana, shekaru da yawa bayan haka, aka kira ni Wara in duba injin casar shinkafa da ya ƙi tashi, domin mai gyaransa ya yi tafiya. Na buɗe akwatin wayoyin, na ga wani ɗan kwali na roba mai haske kamar ƙaramin sabulu, a zaune kan mazauni. Rile ake kiransa, makunni ne da wuta ke kunnawa da kanta don ya tayar da babban inji. Na kashe wuta na ja shi. Ƙafa takwas a da'ira, turke a tsakiya, ga hanci. Na ɗora mita a kan biyu da bakwai, allura ta motsa. Na yi ta dariya ni kaɗai har mai injin ya fara matsawa baya. Ashe da kwalba ta tafi, masu ƙera kaya ba su ga dalilin jefar da gindinta ba. Tun daga ranar nake cin karo da shi a akwatin famfon burtsatse, da na manyan janareta, da na'urar da ke ƙirga lokaci. Na ji ma makaɗan jita a birane har yau amfilifaya mai kwalba suke nema, kuma ana ƙera musu sababbi da wannan gindin.

To, mu koma bakin ruwa. Da muka isa na tarar da mata sun fi ashirin a inuwar ɗakin sanyin. Wasu har sun aika an fara tara itace, alhali kowa ya san itacen da ke wurin ba zai banda ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Can gefe maza suna gyaran taru, suna kallonmu ta wutsiyar ido. Ruwa ya fara biyo ƙarƙashin ƙofa.

Injiniya Bashar mutum ne ɗan shekara talatin da wani abu, ya yi karatunsa da kyau, kuma shi ya haɗa musu sola da batura da komai. Ya gaishe ni da ladabi, amma na ga a fuskarsa yana ganin Hajiya ta ɗauko mai maganin gargajiya.

Ya ce, "Baba, na duba komai. Sola lahiya, batir cike, inbata na ba da wuta. Kwamfireso, injin sanyin, shi ne ba ya samun umarnin tashi. Ƙwaƙwalwar na'urar ce ta tahi, sai an kawo sabuwa."

Na ce, "Ni ban san ƙwaƙwalwa ba, ɗana. Buɗe min in ga ƙahwahu."

Ya buɗe akwatin. Wayoyi a jere tsaf, aikin mai hankali, na yaba a raina. A layin ƙasa rile biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, duka a miƙe. Na sa tabarau na matsa. Rubutun kan ɗaya yana karantuwa daidai, na ɗayan kuma a kife yake. Na sa ya kashe wuta, na kama na biyun na ja shi sak. Na juya. Babu turke, sai farin tabo inda ya ɓalle, kuma karayar a karkace take, irin wadda na gani ta fi sau ɗari.

Na ɗaga kai na ce, "Wane masunci na yat taɓa akwatin ga?"

Bashar ya ce ba mai taɓawa, mabuɗi biyu ne, ɗaya wurinsa ɗaya wurin mai gadi. Duk aka juya aka dubi mai gadi. Mudi sunansa, tsoho ne sa'ana, ya yi shekara arba'in a kan ruwa kafin ciwon baya ya sauko da shi tudu. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Tururuwa ta, Malam. Bayan ruwan jiya sunka shiga ciki sunka yi baƙi. Nik kashe wuta yadda Injiniya yag gwada min, nic cire shi in hure. Wani ɗan abu yah hita, nij ji tsoro, nij jehwa shi gulbi. Amma wallahi na maida shi yadda yake, ya shiga daidai."

Wasu mata suka taso masa. Na ce su bar shi, da bai kula ba da tururuwar ce za ta kashe musu ɗakin, kuma hannun da ya karya turken shi ne ya kamo musu kifi shekara arba'in. Hajiya Kulu ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

Bashar ya karɓi rilen ya duba, kunya ta kama shi. Ya ce shi ma ya cire shi ɗazu ya gani, ya mayar yadda ya same shi, bai taɓa lura akwai wani abu a tsakiya ba. Ya ce, "To ai shi ke nan, Baba. A juya shi rubutun ya yi daidai da na ɗan'uwansa."

Na riƙe masa hannu. Na ce rubutu ya taɓa cin kwalba biyu a hannuna, ba zai ci kifin mata ba. Rilen nan biyu ba ma kamfani ɗaya ya yi su ba. Yau an yi sa'a, yadda Mudi ya sa shi baya-gaba bai haɗa wuta da wuta ba, amma akwai fuskar da in ya shiga, abin da ake jira daga Kano sai ya zama da gaske ana bukatarsa.

Na zauna a kan kwandon kifi da aka kifa mini, na ɗora mita a cinya. Na bi ƙafafu bibbiyu. Wasu allura ta yi shiru. Wasu ta buga har ƙarshe, waɗannan bakin makunni ne, na wuce su. Sai ga biyu da allura ta taso ta tsaya a hanya. Na nuna wa Bashar, na sa shi ya ƙirga da bakinsa: huɗu ta nan, biyu ta nan. Na ce a tsakiyar biyun nan hanci yake. Babu farin fenti, wata yarinyar Hajiya mai aure ta ciro jan farce daga jaka, muka ɗiga. Ya zo daidai da abin da Bashar ya ce, ban ɓoye masa ba, na ce idonsa ya yi gaskiya, amma yanzu mun sani, ɗazu zato muke yi.

Na miƙa masa na ce ɗigon ya dubi tsagar rami, shi zai sa, ɗakinsa ne. Ya sa. Na shafa aljihuna. Ya ɗaga makunni.

Inji bai tashi nan take ba, har wata ta fara salati. Bashar ya ce a dakata, akwai jinkirin da aka sa wa injin. Sai muka ji ƙas daga cikin akwati, fanka ta juya, kwamfireso ya yi gurnani ya kama.

Hajiya Kulu ba ta yi guɗa ba. Ta bar shi ya yi kamar rabin awa, sannan ta shiga ita kaɗai ta ja ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito hannunta jiƙe, ta ce karfasar da ke layin sama kusa da ƙofa ta yi laushi, a kai ta banda yanzu, itacen da aka tara ya isa. Giwan ruwa da tarwaɗa da duk na ƙasa suna nan da ƙarfinsu, ta buɗe kunnuwansu ta gani jajaye. Sai a lokacin ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gyale. Masu gyaran taru suka mayar da ido kan tarunsu.

Da a nan na tashi na tafi, da na yi rabin aiki. Tururuwa za ta dawo da ruwa na gaba, Mudi kuma ba zai canja wuyan hannu a wannan shekarun ba, jan farce kuwa gogewa yake yi. Rilen yana bukatar turke, kuma gwangwanina yana gida can ƙarshen gari. Na zura hannu a aljihu na fito da kwalbar. Gilashinta ya dushe saboda shafa, amma turke da hanci suna nan kamar ranar da Saje ya miƙo mini. Na ɗora ta a gindin rilen na biyu na gwada, kauri ɗaya, tsawo ɗaya.

Na ji nauyin abin, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Bashar ya riƙe mini ita da kyau, na ɗauko guntun zarto na yanke turken daga tushe, na goge bakinsa da magagari. Da la'asar, bayan ɗaki ya yi sanyi sosai, muka kashe na ɗan lokaci, na dama gam mai haɗi biyu, na kafa turken, hanci daidai kan ɗigon jan farce. Da ya kama, na kira Mudi na ce ya rufe ido ya sa. Ya ɗora, ya juya a hankali, ya faɗa da kansa.

Bashar yana juya ragowar kwalbar a hannunsa, ya ce, "Baba, shekara nawa ta yi a mace?"

Na ce, "Ta wuce hamsin."

Ya ce, "To yau ta koma bakin aiki."

Sabon rilen da aka aika a kawo ya iso bayan mako guda, Bashar ya bar shi cikin kwalinsa a kan akwati, ya ce sai ranar da tsohon ya gaza. Yanzu duk Asabar yana zuwa rumfata da nasa mitar mai lambobi, muna zazzage gwangwani a tebur, yana tambaya yana rubutawa. Matan da suka ƙi kawo kifinsu bara sun kawo bana, har ana maganar ɗaki na biyu.

Ku kuma, benci yana nan, ba na korar kowa. Wanda ya ce ko makaho ya iya, ya zo in ba shi marar turke ya gwada. Har yau in zan kunna wuta a kan kayan mutane hannuna yana zuwa aljihu da kansa, ya tarar babu komai. In abin ya dame ni sai in bi ta bakin ruwa da yamma, in tsaya a bayan ɗakin sanyi, in saurari injin yana aiki.